Tafiyar wata biyu a kan keke: waya ta isa, ko sai an nemi na'urar GPS ta musamman?

Sabon_Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin tafiya mai nisa a kan keke, wadda nake sa ran za ta ɗauke ni kusan wata biyu, kuma wannan ne karo na farko da zan wuce kwana uku a hanya. Keke ya kammala, tanti da jakunkunan gefe duk suna nan, abin da ya rage yana hana ni barci shi ne yadda zan riƙa gane hanya. Wasu sun ce mini wayar da ke hannuna ta wadatar muddin na sauke taswira a cikinta, wasu kuma sun ce duk wanda ya dogara da waya a irin wannan tafiya zai yi da-na-sani, gara in nemi na'urar GPS ta keke ko ta masu ratsa daji. Akwai wuraren da zan yi kwana uku ko huɗu ban ga soket ɗin lantarki ba, sabis ma ba ni da tabbacin samunsa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Ɗan_Taswira:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga maganar wacce ta fi, bari in warware wani ruɗani da na ga alamarsa a tambayarka. Gane wurin da kake ba ya buƙatar sabis ko data ko kaɗan. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa, ita kuwa wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Idan ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta auna ɗan lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa inda take. Abin da yake buƙatar intanet shi ne taswirar da za a ɗora ɗigon da ke nuna inda kake a kanta, da kuma lissafin hanya a wasu manhajoji. Saboda haka idan ka sauke taswirar yankin tun kana gida, kana iya sa wayar a yanayin jirgin sama, ɗigon zai ci gaba da bin ka. Kuma wayoyin yanzu ba taurarin Amurka kaɗai suke saurare ba, suna jin GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Ta fuskar daidaito dai, waya mai kyau ba ta gaza na'urar keke da abin da zai dame ka ba.

Baba_Matafiyi:
Duk abin da Ɗan_Taswira ya faɗa haka yake, sai dai yarona, matsalarka ba daidaito ba ce, wuta ce. Na yi shekaru ina irin wannan tafiya, ban taɓa ɓata don ɗigon ya kauce da mita goma ba, amma na taɓa tsayawa a mararraba da yamma, waya ta mutu a hannuna, hanyoyi uku a gabana duk kamarsu ɗaya. Tun daga ranar na koma ga ƙaramar na'ura irin ta masu tafiyar ƙafa a daji, mai cin batir biyu na AA. Garmin eTrex ce nake amfani da ita, kamfanin yana cewa batir biyu suna kai kimanin awa 25, wato kwana uku na tuƙi idan ana kashe ta lokacin hutu. Batir takwas a cikin jaka ba su da wani nauyi, kuma irinsu ana samun su kusan ko'ina a duniya. Idan suka ƙare sai in buɗe bayanta in sauya, cikin minti ɗaya na ci gaba. Babu jiran caji, babu neman alfarmar soket a wurin kowa.

Uwar_Hanya:
Baba, da girmamawa, ni ina ganin yadda ake amfani da wayar ne yake kashe batirin, ba GPS ɗin ba. Allon waya shi ne babban mai cin wuta, musamman da rana idan aka ƙure haskensa don a iya gani. Na yi tafiyar mako biyar da waya kaɗai. Da safe nakan duba hanyar yinin, in haddace manyan mararrabu, in sa yanayin jirgin sama, in kashe allo, in jefa ta a jakar da ke gaban keke, muryar manhajar kuma tana faɗa mini inda zan karya. A kan doguwar hanyar da ba ta da rassa ma nakan kashe muryar, domin mutumin da zai yi kilomita sittin a miƙe ba ya buƙatar mai tuna masa. Da wannan tsari nakan kai dare da fiye da rabin cajina.

Baba_Matafiyi:
'Yata, ban musa ba. Amma ki lura cewa wayar nan ita ce kyamararki, ita ce fitilarki a tanti, da ita za ki kira gida idan wani abu ya faru. Ni dai ba na son in ɗora duk kayana a jaki ɗaya.

Injiniyan_Keke:
Tunda magana ta koma kan wuta, bari mu sa lissafi a ciki domin Sabon_Mahayi ya auna da kansa. Batirin yawancin wayoyin yanzu yana tsakanin 4,000 da 5,000 mAh (lambar da ake rubutawa a jikin batir don nuna girmansa), wato kusan 15 zuwa 19 Wh (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauke da ita). Fawabanki mai 20,000 mAh yana ɗauke da kimanin 74 Wh, amma ba duka za ka samu ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi lokacin sauya ƙarfin wutar, don haka ka sa ran caji uku cikakku, ko uku da ɗan ƙari. Idan kana yin irin tsarin Uwar_Hanya, kana cin rabin caji a yini, fawabanki ɗaya zai kai ka kusan mako guda, wanda ya zarce kwana huɗun da kake tsoro. Girman nan kuma yana ƙasa da iyakar 100 Wh da kamfanonin jiragen sama suka saba amincewa da ita, amma a jakar hannu ake shiga da shi, ba a sa shi cikin kayan da ake aunawa.

Sai kuma dainamo, wato ɗan injin da ke samar da wuta idan taya tana juyawa, wanda ake ginawa a cibiyar tayar gaba, irin na kamfanin Shimano ko SON. Ƙa'idarsa volt 6 da watt 3 ce, kuma wutar da yake bayarwa ba irin wadda waya take sha ba ce, sai an haɗa shi da ƙaramar na'ura mai mayar da ita ta USB. Awa biyar na tuƙi a gudu mai kyau, a takarda 15 Wh ke nan, a zahiri ƙasa da haka. Inda mutane suke shan mamaki shi ne hawan tudu: keke mai kaya yana rarrafe a kilomita shida ko bakwai cikin awa, dainamon kuwa a wannan gudun kusan fitila kawai yake iya kunnawa. Shawarata ga mai dainamo ita ce kada ya jona waya kai tsaye, domin duk tsayawa da tashi sai allon ya farka, ya ci fiye da abin da ya samu. A cika fawabanki da rana, a shayar da waya da dare.

Mai_Rana:
Injiniya bai ambaci farantin sola ba. Ni na ɗaure nawa a kan kayan baya, kuma gaskiyar magana abin da yake tarawa lokacin tuƙi kaɗan ne, saboda hanya tana juyawa, inuwar jikina da ta bishiyoyi suna faɗa masa. Amfaninsa na gani ne lokacin hutun tsakar rana, idan na shimfiɗa shi yana fuskantar rana sosai na awa biyu. Wanda zai bi ƙasa mai yawan hadari kada ya dogara da shi.

Sabon_Mahayi:
Na gode ƙwarai, lissafin Injiniya ya kwantar mini da hankali a kan maganar wuta. To idan na ɗauka cewa zan fara da waya, wace manhaja ce za ta yi aiki ba tare da intanet ba? Na gwada wadda nake amfani da ita a mota, sai na ga tana son ta kai ni manyan tituna masu tireloli.

Ɗan_Taswira:
Manhajojin mota an gina su ne don kai mutum da sauri, shi ya sa suke ƙaunar babban titi. Kusan duk manhajojin da masu doguwar tafiya a keke suke amfani da su a kan taswira ɗaya suka dogara, wato OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a shekarar 2004, masu sa kai ne kuma suke zana ta. Falalarta ita ce ana rubuta irin shimfiɗar hanya, kwalta ce ko burji ko yashi, ana sa famfon ruwan sha da wurin kafa tanti da shagon gyaran keke. OsmAnd da Organic Maps suna sauke taswirar ƙasa ko yanki gaba ɗaya, kuma suna lissafa hanya a cikin wayar kanta ba tare da intanet ba. OsmAnd tana da saituna masu yawa, tana buƙatar zama a koye ta, Organic Maps kuwa mai sauƙi ce. Komoot da Ride with GPS sun fi ƙarfi wajen tsara tafiya tun daga gida a babban allon kwamfuta.

Abin da ya haɗa su duka shi ne fayil ɗin GPX. Jerin ɗigogi ne kawai, kowanne da lambobin matsayinsa, kuma kusan kowace manhaja da kowace na'ura tana karanta shi. Idan ka tsara hanyarka ka fitar da ita a GPX, ba ka zama bawan manhaja ɗaya ba. Ka raba tafiyar gida-gida, kowane fayil na kwana biyu ko uku, domin wasu na'urori suna da iyakar yawan ɗigogin da suke ɗauka a layi guda, kuma dogon fayil yana sa su nauyi.

Gwanin_Tudu:
Ina so in ja kunnen Sabon_Mahayi a kan abu ɗaya da ya taɓa cin mini yini guda. Akwai bambanci tsakanin layin da ka zana da kanka kana bi, da hanyar da na'ura take lissafa maka tana sauyawa duk lokacin da ka kauce. Wata rana na bar layina da ɗan nisa don neman ruwa, manhajar da nake amfani da ita ta sake lissafi ba tare da na lura ba, ta ga wata turba da ta fi gajarta da kilomita tara. Na bi ta. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, na shiga yashi mai laushi har tayar gaba tana nutsewa, na sauka ina tura keke mai nauyin kaya, takalmina cike da ƙasa. Bayan awa biyu na iso bakin kogi, inda taswira ta nuna layi yana tsallakawa. Babu gada, sai ginshiƙai biyu na siminti a tsaye cikin ruwa, da alama ambaliya ta tafi da sauran tun da daɗewa. Haka na juyo na sake tura keken a kan sawun tayata.

Tun daga nan na kashe sake lissafin hanya gaba ɗaya. Layina yana nan a kan allo da launi mai haske, idan na kauce ina ganin na kauce, ni ne kuma zan yanke shawarar yadda zan koma. Kowace gada da kowane wurin fito da ke kan hanyata sai na duba hoton tauraron ɗan'adam tun ina da intanet.

Ɗan_Taswira:
Wannan labari na Gwanin_Tudu yana nuna raunin taswirar masu sa kai: inda masu zane suke da yawa tana da cikakken bayani har na bencin zama, inda suke kaɗan kuwa hanya tana iya shekara da shekaru ba wanda ya duba ta. Amma ƙofar gyara a buɗe take ga kowa. Ina fata da ka dawo ka shiga ka cire gadar, don kada wani ya bi sawunka.

Gwanin_Tudu:
Na cire ta a makon da na dawo, na kuma rubuta cewa turbar yashi ce.

Malamar_Lissafi:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wurina ya fi nisan hanya muhimmanci, wato hawa da gangara. Kilomita 80 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da kilomita 80 masu hawan mita 1,500 ba yini iri ɗaya ba ne, musamman da kaya. Manhajoji suna nuna zanen hawan, amma a san daga inda suke samo shi. Da yawansu suna dogara da awon tsayin ƙasa da aka yi daga sararin samaniya, kamar wanda kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya yi da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, inda kowane ɗigo yake wakiltar fili mai faɗin kusan mita 30. A cikin kwazazzabo, ko inda hanya ta bi gefen dutse, ko ta ratsa ta ramin da aka huda, lissafin yakan ɗauka ka hau kan dutsen ne, sai ya ba ka jimillar hawa da ta wuce gaskiya. Don haka idan manhajoji biyu suka ba ku lambobi daban a kan hanya ɗaya, ba lalle ne ɗaya ta lalace ba. A nan na'urorin keke irin Garmin Edge da Wahoo suna da wata fa'ida, domin yawancinsu suna auna tsayi da matsin iska, wanda ya fi GPS iya gane ƙananan hawa, ko da yake shi ma sauyin yanayi yana karkatar da shi idan hadari ya taso.

Tsohon_Soja:
Ina karanta ku duka, kuma ban ga wanda ya ambaci taswirar takarda ba. A shekarar 1976 dubban mutane suka hau hanyar TransAmerica a Amurka, wadda ta tashi daga jihar Oregon zuwa Bajiniya, fiye da kilomita 6,700, kuma ba wanda yake da GPS a cikinsu, domin sai a 1995 tsarin ya kammala, sai kuma a watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage daidaitonsa ga farar hula da gangan. Ba ina cewa a koma baya ba ne. Abin da nake cewa shi ne ƙaramin allo yana nuna maka kilomita biyu da ke gabanka, takarda kuwa tana nuna maka ƙasar gaba ɗaya: ina kogi ya nufa, ina tsaunuka suka tsaya, wane gari ne a hagu idan hanya ta toshe. Ina tafiya da taswirar takarda mai ma'aunin 1:200,000 (wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa) ko kusa da haka, da ƙaramin kamfas, kuma kowane dare nakan rubuta sunayen garuruwan gobe da nisan da ke tsakaninsu a 'yar takarda in maƙala a hannun keke. Sau da yawa wannan 'yar takardar kaɗai nake dubawa har yamma.

Uwar_Hanya:
Wannan dabara ta 'yar takarda zan ɗauka, Yallaɓai. Zan ƙara da cewa tambayar mutanen wuri tana da amfanin da babu na'urar da ke da shi, domin su ne suka san gadar da ta karye jiya. Sai dai a zaɓi abin da za a tambaya. Mai mota zai ce maka gari yana nan kusa kuma hanyar a shimfiɗe take, saboda ƙafarsa ba ta taɓa jin hawan ba. Ku tambaye shi ko hanya tana wucewa, nisa da hawa kuwa ku bar wa taswira.

Mai_Ƙetare:
Tunda Sabon_Mahayi bai faɗi ƙasashen da zai ratsa ba, bari in kawo abin da ya shafi masu tsallaka iyaka. Na farko, a ƙasar Sin doka ta sa taswirorin cikin gida suna amfani da wani tsarin lambobi da aka karkatar da shi daga wanda GPS yake bayarwa, don haka a wasu manhajoji za ka ga ɗigonka ya kauce daga titi da ɗaruruwan mitoci. Taswirar OpenStreetMap ba ta da wannan karkata. Na biyu, a yankunan da ke kusa da rikici, kamar kewayen Tekun Baltik da Bahar Aswad da wasu sassan Gabas ta Tsakiya, ana toshe siginar GPS ko a aiko da na bogi, na'ura ta nuna kana wani gari da ba ka taɓa zuwa ba. A irin wannan hali waya da na'urar musamman duk jirgi ɗaya ya kwaso su, takardar Tsohon_Soja ce kawai za ta yi aiki. Na uku, masu ɗaukar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin inReach mai amfani da taurarin Iridium, su binciki dokar kowace ƙasa kafin su shiga. Indiya, alal misali, ta haramta shiga da irin waɗannan na'urori ba tare da izini ba, kuma an sha tsare matafiya a filayen jiragen samanta saboda su.

Sabon_Mahayi:
Ban san da maganar na'urar saƙon ba. Ita ma tana nuna hanya ne, ko aikinta daban?

Mai_Ƙetare:
Babban aikinta shi ne aika gajeren saƙo da kiran agaji daga inda babu sabis, kuma sai an yi rajista ana sabuntawa. Wasu nau'o'inta suna nuna hanya, amma ba don haka ake ɗaukar ta ba. Idan kwana huɗun da ka ambata a wurin da mutane suke wucewa ne, kana iya yi ba ita. Idan kuwa wuri ne da za ka yini ba ka ga kowa ba, ka yi tunani a kanta sosai.

'Yar_Sarƙa:
Ina so in ƙara wani abu a kan wannan, musamman ga mata da duk mai tafiya shi kaɗai. Manhajoji da yawa suna ba da damar nuna inda kake kai tsaye, ko wallafa layin tafiyarka kowace yamma. Layin nan yana ƙarewa ne daidai inda ka kafa tanti. A farkon shekarar 2018 an gano cewa taswirar da Strava, manhajar masu gudu da tuƙa keke, ta wallafa ta wuraren da masu amfani da ita suke motsa jiki ta fallasa siffar wasu sansanonin soja, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan haka ta faru da sansanin soja, to mai tanti a gefen hanya ya fi cancantar yin hattara. Ni mutum biyu kawai na gida nake ba damar ganin inda nake, abin da zan wallafa kuwa sai bayan na bar wurin da kwana biyu ko uku, kuma nakan yanke farkon layin da ƙarshensa.

Injiniyan_Keke:
Maganar 'Yar_Sarƙa gaskiya ce, kuma nuna wuri kai tsaye yana cin batir, domin dole wayar ta riƙa neman sabis. Amma bari in dawo da mu kan tambayar farko, domin akwai dalilan da suka sa ni kaina nake ɗora na'urar musamman a hannun keke duk da lissafin da na kawo. Allonta irin wanda yake amfani da hasken rana ne, yadda rana ta ƙara ƙarfi haka yake ƙara fitowa, waya kuwa sai ta yi kokawa da rana, ta yi zafi, ta rage haskenta da kanta, wani lokaci ta daina caji har sai ta huce. Idan ruwan sama ya sauko, ɗigon ruwa yana taɓa allon waya kamar yatsa, taswira ta riƙa tsalle, kuma wayoyi da yawa ba sa karɓar caji idan ramin cajin ya jiƙe. Maɓallai kuwa suna aiki da jiƙaƙƙen hannu da safar hannu. Sai jijjiga: a shekarar 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata sashen da ke daidaita hoto a kyamarar iPhone. Gargaɗin a kan babur ne, ba keke ba, amma wanda zai yi makonni a kan hanya mai gargada ya sa wannan a ransa kafin ya ɗaure wayarsa a hannun keke.

Uwar_Hanya:
Duk waɗannan matsaloli na wanda ya ɗaure waya a waje ne, Injiniya. Tawa tana cikin jaka, ba rana ba ruwa. Kuma ka faɗi gaskiya, ranar da hanya ta toshe kana buƙatar sabon tsari, a kan wannan ƙaramin allon kake yi, ko waya kake cirowa?

Injiniyan_Keke:
Waya nake cirowa, Hajiya, ban ɓoye ba. A kanta nake tsarawa, in tura wa na'urar ta Bluetooth. Amma a cikin babban gari mai mararraba kowane mita ɗari, inda murya takan ce a karya bayan an riga an wuce, ganin layi a gabana ya fi mini aminci fiye da tsayawa a gefen titi ina buɗe jaka.

Mai_Ƙetare:
Irin hanyar ma tana da ta cewa. Wanda zai bi hanyar keken Turai mai suna EuroVelo 6, daga gaɓar Atlantika a Faransa zuwa Bahar Aswad, zai tarar da dogayen sassa a gefen kogunan Luwar da Danub masu alamomi a kan sanduna, gari kuma ba ya nisa, waya a aljihu ta ishe shi. Wanda zai bi hanyar Pamir a Tajikistan, inda mashigar tsaunin Ak-Baital ta kai tsayin mita 4,655, mararrabu kaɗan ne, ɓata ba shi ne abin tsoro ba, sanyi ne yake zuƙe batir, sai ya kwana da waya da fawabanki a cikin jakar barcinsa, kuma kada ya yi musu caji suna daskare. Wanda kuma zai bi ƙananan turbobin daji masu rassa da yawa, shi ne yake buƙatar layi a gaban idonsa koyaushe.

Sabon_Mahayi:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto. A ƙarshen makon nan na yi gwajin kwana uku da cikakken kaya, na bi tsarin Uwar_Hanya, na kashe sake lissafi kamar yadda Gwanin_Tudu ya ce, na kuma maƙala 'yar takardar Tsohon_Soja. Rana ta farko da ta biyu na kai dare da kusan kashi 60 na caji. Rana ta uku na shiga wani yanki mai ƙananan hanyoyi da yawa, na riƙa ciro wayar kusan kowane minti goma, ga ruwa yana yayyafi, kafin la'asar ta sauka ƙasa da kashi 20, kuma sau biyu na wuce mararraba ban ji muryar ba saboda iska. Wani abin da na gano shi ne taswirar da na sauke ta ƙare a iyakar yankin, na yi kusan awa ɗaya ɗigona yana tafiya a kan farin allo. Yanzu ina tsakanin biyu: ko in ƙara fawabanki na biyu in ci gaba da waya, ko in nemi ƙaramar na'ura don irin rana ta uku.

Baba_Matafiyi:
Rana ta uku ita ce ainihin gwajin, yarona, kuma a cikin wata biyu za ka gamu da irinta ba sau ɗaya ba. Ni dai ra'ayina bai sauya ba. Idan ka samu na'urar, ka zuba mata taswira da fayilolinka tun kana gida, ka fita da ita sau da yawa kafin ranar tashi, domin hannu yana buƙatar sabawa da maɓallanta.

Uwar_Hanya:
Ni kuma zan ce kafin ka ƙara wani abu mai buƙatar kulawa, ka gwada ƙaramin abin sauraro a kunne ɗaya, ɓangaren da ba ya fuskantar motoci, domin matsalar iska ce ta sa ka yawan ciro wayar. Idan kana da tsohuwar waya a gida, ka zuba mata taswirorin da fayilolin, ka kashe ta, ka naɗe ta a leda a ƙasan jaka.

Ɗan_Taswira:
Game da farin allon, ka sauke har yankunan da ke maƙwabtaka da hanyarka, ba waɗanda layin ya ratsa kaɗai ba, sannan ka sa yanayin jirgin sama kana zaune a gida, ka bi layin da yatsa daga farko har ƙarshe kana zuƙo taswirar, ka tabbata ƙananan hanyoyi suna fitowa a ko'ina. Ka faɗa mana kuma kashi nawa na tafiyar ne zai kasance a kan irin hanyoyin rana ta uku, domin amsar da zan ba mai kwana biyar a cikinsu daban take da wadda zan ba mai kwana talatin.